Daga Dandali zuwa Dandamali: Ƙungiyar Oinkari ta Boise da Batun Adana Rawar Baskawa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda ƙungiyar rawa ta 'yan sa-kai ke riƙe wa al'umma gadonta bayan al'ummar ta bar ƙasar kakanninta. An ɗauki misalin ƙungiyar Oinkari da 'ya'yan makiyayan Baskawa suka kafa a birnin Boise na Jihar Idaho a Amurka cikin 1960, aka auna ta da tarihin rawar a can gida, tsakanin Sifaniya da Faransa. Hujjar takardar ita ce, babban abin da irin wannan ƙungiya ke cetowa shi ne silsilar koyarwa da haɗuwar mutane a kai a kai. Siffar rawar kuwa, wadda aka fi yin tutiya da adana ta, ita ce ta fi saurin sauyawa a hannun ƙungiya. An kuma taɓo abubuwa biyu da rawa ba ta iya ɗaukar nauyinsu ita kaɗai, wato harshe da ma'anar bikin da aka ciro ta daga cikinsa.

1.0 Gabatarwa

Tun da hukumar UNESCO ta amince da yarjejeniyar kare al'adun da ba a taɓa su da hannu a 2003, kalmar adanawa ta cika bakin masu nazarin al'ada. Amma adana rawa ba ɗaya yake da adana takobi ko rubutaccen littafi ba. Takobi yana nan ko da babu mai riƙe shi. Rawa kuwa tana wanzuwa ne a lokacin da ake yin ta kawai, idan makaɗi ya tsaya ta tsaya, idan tsohon da ya iya ta ya rasu bai koya wa kowa ba, ta bi shi. Saboda haka tambayar da ta kamata mai nazari ya yi ita ce: wane ne ke koya wa wa, a ina, kuma me ke sa su sake dawowa mako mai zuwa?

Baskawa sun dace da wannan tambaya ƙwarai. Al'umma ce ƙarama, mutanen yankin ba su wuce miliyan uku da ɗoriya ba, suna zaune a inda duwatsun Pirinis suka gangaro bakin tekun Atlantika. Ƙasarsu ta rabu lardi bakwai: Bizkaia, Gipuzkoa, Araba da Nafarroa a ɓangaren Sifaniya, sai Lapurdi, Nafarroa Beherea da Zuberoa a ɓangaren Faransa. Harshensu, Euskara, ba shi da wani ɗan'uwa da aka sani a cikin harsunan duniya masu rai, masu magana da shi kuma sun kai wajen 800,000. Ba su da ƙasa mai cin gashin kanta a idon duniya, sun sha danniya a ƙarni na ashirin, kuma sun watsu a nahiyar Amurka tun daga Ajantina har Idaho. Duk da haka rawarsu ba ta mutu ba. Yadda aka yi ba ta mutu ba, da kuma abin da aka biya kafin hakan ta samu, shi ne batun wannan takarda.

2.0 Rawar a Gidanta

Kuskure ne a ce "rawar Baskawa" kamar abu guda. A asali kowane gari da tasa, kuma kowace rawa da ranarta.

A ƙauyukan yankin Durango na Bizkaia, irin su Berriz da Iurreta da Garai, akwai Dantzari Dantza. Samari takwas ne ke yin ta ranar bikin waliyyin gari, cikin fararen kaya da jar ɗamara da jar hula, sun ɗaura ƙananan ƙararrawa a ƙwauri masu yin aikin da akayau ke yi wa masu rawa a wurinmu. Ana buɗe ta da kaɗa tuta a saman kawunan 'yan rawa suna durƙushe, a bi da rawar ɗaiɗai, ta bibbiyu da ta hurhuɗu, da wasan takubba da na sanduna, a rufe da ɗaga ɗaya daga cikinsu sama a miƙe kamar gawa. A Lekeitio, garin masunta, ranar 29 ga Yuni ake Kaxarranka, inda mutum ɗaya ke rawa a kan akwatin ƙungiyar masunta alhali wasu maza suna ɗauke da akwatin a kafaɗa. A Oñati ta Gipuzkoa akwai rawar da ke tafiya tare da jerin gwanon coci na bikin Corpus Christi. A Zuberoa kuwa, lardi mafi ƙanƙanta, akwai Maskarada: duk shekara matasan ƙauye guda ke ɗaukar nauyinta, su riƙa zagaya sauran ƙauyuka ranakun Lahadi tun daga lokacin sanyi har shigowar bazara. A cikinta ne manyan 'yan rawa biyar ke zagaya kofin gilashi mai ɗauke da giyar inabi da ƙafa, a ƙarshe kowa ya hau kansa na ƙiftawar ido ya sauka ba tare da ya zubar ba.

Kiɗan ma haka yake. Txistu sarewa ce mai huda uku da ake busawa da hannun hagu, ga ƙaramar ganga rataye a wannan hannun, dama kuma tana kaɗa ta, mutum ɗaya ya zama mabushi kuma makaɗi. A ƙarshen ƙarni na sha tara akodiyon ya shigo, aka haɗa shi da tambari mai ƙararrawa ya zama trikitixa, kiɗan da talakawa ke taka fandango da arin-arin da shi.

Abin lura a nan shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi domin 'yan kallo masu sayen tikiti. Aurresku, wadda a yau ake yi wa amarya da ango ko babban baƙo a matsayin gaisuwar girmamawa, a da wani yanki ne na doguwar rawar igiya da ake yi a dandalin gari gaban magajin gari da 'yan majalisarsa. Wanda ya ja gaba, wanda ya riƙe ƙarshen layi, matar da aka gayyato cikin layin, duk suna nuna matsayin mutane a garin. Rawa ce, kuma tsarin zaman jama'a ne da ake karantawa da ido.

Fargabar ɓacewarta ma ba sabuwa ba ce. Juan Ignacio Iztueta, mutumin Zaldibia da aka haifa a 1767, ya buga littafi da harshen Euskara a 1824 yana bayanin raye-raye 36 na Gipuzkoa, ya biyo da kiɗansu a rubuce a 1826, kuma abin da ya tunzura shi shi ne ganin matasa suna barin na gida suna kama na baƙi. Sai dai a ganina darasin Iztueta yana wajen littafin. Bayanin da ya rubuta yana da wuyar bi ga wanda bai taɓa ganin rawar ba. Abin da ya kawo raye-rayen Gipuzkoa zuwa yau shi ne ya koyar da José Antonio Olano, shi kuma ya koyar da José Lorenzo Pujana, daga nan ta yaɗu a garuruwa. Littafi ya taimaka wa masu bincike, amma ta hannun almajirai rawar ta iso.

3.0 Siyasa ta Ɗauki Rawa

A farkon ƙarni na ashirin masu kishin ƙasar Bask suka gano amfanin rawa. Ƙungiyoyin matasan jam'iyyar da Sabino Arana ya kafa suka ɗauko Dantzari Dantza daga 'yan ƙauyukanta suka yaɗa ta ko'ina da sunan rawar takobi, suka maye gurbin tutar gari da tutar ƙasa, ikurriña, wadda aka zana a 1894. A Gernika, Segundo Olaeta ya kafa ƙungiyar yara ta Elai-Alai a 1927, ya fara tsara rawa domin dandamali.

Sai yaƙin basasar Sifaniya ya ɓarke a 1936. Ranar 26 ga Afrilun 1937 jiragen Jamus da Italiya suka yi wa Gernika ruwan bama-bamai. A wannan shekara gwamnatin Bask ta José Antonio Agirre, wadda ke kan hanyar gudun hijira, ta kafa Eresoinka a ƙauyen Sara da ke ɓangaren Faransa, ƙungiyar mawaƙa da 'yan rawa da ta zagaya Paris da Brussels da Amsterdam da Landan domin duniya ta san da su. A gida kuwa mulkin Janar Franco ya kori Euskara daga makaranta da ofis, ya haramta tutar har zuwa 1977, ya hana bukukuwan kanibal. Amma bai hana rawa ɗungurungum ba. Reshen mata na jam'iyyarsa ya tattara raye-rayen larduna ya riƙa nuna su a matsayin adon Sifaniya ɗaya dunƙulalliya. Ta haka rawa guda ta yi wa ɓangarori biyu masu gaba da juna aiki, kuma kowannensu ya yanke ta ya daidaita ta da buƙatarsa.

Gyaran ya fara ne a shekarun 1960. A 1964 wasu 'yan'uwa biyu, Julio da Pío Caro Baroja, suka zuga mutanen ƙauyen Lantz na Nafarroa suka farfaɗo da kanibal ɗinsu domin a ɗauke shi a fim, bikin kuma ya ci gaba tun daga nan. Ƙungiyar Argia ta Donostia, ƙarƙashin Juan Antonio Urbeltz da matarsa Marian Arregi, ta koma ƙauyuka tana zama da tsofaffi, tana tambayar taku da tufafi da kiɗa na kowane wuri. Binciken irin nasu ne ya nuna yawan abin da dandamali ya gauraya. Misali ɗaya ya isa. Rawar tuffa ta kwarin Baztan a Nafarroa rawar samari ce ta lokacin kanibal, amma ƙungiyoyin birni sun mayar da ita ta 'yan mata, har mutane da yawa suka tashi suna zaton haka aka gada.

Ya kamata a riƙe wannan tarihi kafin a tsallaka teku, domin rawar da matasan Boise suka koyo a 1960 ta riga ta bi ta hannun 'yan siyasa da masu tsara wasan dandamali.

4.0 Boise: Makiyaya da 'Ya'yansu

Dalilan ƙaurar Baskawa sanannu ne. A al'adarsu gonar gado ba ta rabuwa, ɗa guda ke gadonta, sauran su nemi abin yi. Ga kuma yaƙe-yaƙen Karlist na ƙarni na sha tara da talaucin da suka bari. Wasu sun nufi Ajantina da Yurugwai, inda aka buɗe gidajen ƙungiyar Baskawa na farko a Montevideo a 1876 da Buenos Aires a 1877. Wasu sun bi labarin zinariyar Kalifoniya, daga baya suka koma kiwon tumaki a dazuzzukan yammacin Amurka. Waɗanda suka taru a kudancin Idaho tun ƙarshen ƙarni na sha tara akasarinsu 'yan Bizkaia ne.

Makiyayi yakan yi watanni a tsauni daga shi sai kare da garke. Idan sanyi ya shigo sai ya sauko gari ya sauka a masaukin Baskawa, inda zai ci abincin gida, ya ji harshensa, ya ajiye kuɗinsa, wataƙila ma ya samu mata. A ɗakunan cin abincin waɗannan masaukai ake ture tebura a yi rawar jota da porrusalda. Babu malami, babu ƙungiya, yaro yana gani yana kwaikwayo. Daga ƙarshen shekarun 1920 aka fara taron rawar makiyaya na shekara-shekara a lokacin Kirsimeti, inda ake gwanjon ɗan rago a tara kuɗin taimakon marasa lafiya.

Wannan duniya ta fara rushewa da wuri. Dokar shige da fice ta Amurka ta 1924 ta rage rabon Sifaniya zuwa mutum 131 a shekara, ta toshe hanyar sababbin zuwa. Dokar kiwo ta Taylor ta 1934 ta kawo ƙarshen kiwon yawo a filayen gwamnati ga wanda ba shi da ƙasa. Masaukai suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan da aka haifa a Amurka suka shiga makarantar Ingilishi, suka yi aikin soja, suka auri waɗanda ba Baskawa ba. Wurin da ake koyon rawa ba tare da an sani ba ya tafi.

A nan ne wata mata, Juanita Uberuaga Hormaechea, wadda aka fi sani da Jay, ta fara tara yara tana koya musu jota a 1948. Shekara guda bayan haka ta shirya babban wasa mai suna Song of the Basque, wanda ya nuna wa mutanen Boise, har da Baskawan kansu, cewa abin da suke jin kunyarsa abin tafi ne. A 1949 ɗin aka kafa ƙungiyar Euzkaldunak, wadda ta gina zauren taron Baskawa a titin Grove. A 1957 littafin Robert Laxalt kan mahaifinsa makiyayi, Sweet Promised Land, ya fito, a 1959 kuma aka yi babban bikin Baskawan yamma a Sparks ta Jihar Nevada. Zukata sun riga sun shirya.

A lokacin zafi na 1960 wasu matasa 'yan Boise, cikinsu har da Al Erquiaga, suka ziyarci ƙasar iyayensu. A Donostia suka haɗu da wata ƙungiyar rawa mai suna Oinkari, suka zauna suka koyi abin da suka iya koya a ɗan lokacin, suka dawo da taku da kuma sunan. A taron rawar makiyaya na ƙarshen wannan shekarar suka fara fitowa. Cikin shekaru biyu sun taka a baje kolin duniya na Seattle a 1962, sannan na New York a 1964. Makaɗansu su ne Jimmy Jausoro da akodiyon da Domingo Ansotegui da tambari. Jausoro, wanda gwamnatin Amurka ta karrama da lambar masu riƙon al'adun gargajiya a 1985, ya yi wa ƙungiyar kiɗa fiye da shekara arba'in har rasuwarsa a 2004, kuma ba ga manya kaɗai ba, har ga ƙananan yara masu koyon taku na farko. Ina ganin tarihin ƙungiyoyin rawa yana yawan zaluntar makaɗa. Hotuna na 'yan rawa ne, amma mutumin da ya zo kowane atisaye shekara da shekaru shi ne ginshiƙin.

5.0 Me Ƙungiyar ke Adanawa?

Idan aka kalli tsarin Boise da kyau, za a ga matakala ce. Ƙaramin yaro yana shiga Boiseko Gazteak, ajin yara, iyayensa su kawo shi zauren kowane mako. Idan ya kai wajen shekara 14 sai ya shiga Oinkari. Bayan wasu shekaru, aure ko aiki ko gwiwa su sa ya bari, sai ya koma koyar da yara, ko ɗinkin kaya, ko sayar da abinci a bukukuwa domin tara kuɗin tafiya. Shugabannin rawa daga cikin 'yan ƙungiyar ake zaɓensu, kuma aikin na sa-kai ne. Yau akwai 'yan rawar da kakanninsu suka taka a ƙungiyar. Wannan shi ne abin da masaukin makiyaya ke yi a da, an sake gina shi da gangan: wuri guda, lokaci guda, inda tsara uku ke haɗuwa saboda wani dalili da ba jana'iza ba.

Daga wannan matakala sauran abubuwa suka tsiro. Erquiaga ɗin nan yana cikin waɗanda suka kafa tarayyar ƙungiyoyin Baskawan Arewacin Amurka, NABO, a 1973, wadda ke shirya zangon Udaleku na mako biyu duk shekara inda yara ke koyon rawa da txistu da ƙwallon bango da ɗan harshe. A 1985 aka buɗe gidan tarihin Baskawa a Boise. A 1987 aka yi bikin Jaialdi na farko, aka maimaita a 1990, daga nan ya zama na kowace shekara biyar a ƙarshen Yuli, lokacin bikin waliyyi Ignatius na Loyola, wanda shi ma ɗan Gipuzkoa ne. Annobar korona ta hana na 2020, sai 2025 aka sake yi. Ƙidayar Amurka ta 2000 ta nuna mutum kusan 58,000 ne suka ce su jinin Baskawa ne a duk ƙasar, kimanin 6,600 daga ciki a Idaho. Al'umma mai wannan ƙanƙanta ba za ta iya tara dubban mutane daga nahiyoyi biyu ba in da babu tarin mutanen da suka saba aiki tare tun suna yara. Ƙungiyar rawa ce ta horar da su.

To amma siffar rawar fa? A nan dole a faɗi gaskiya. Wasan ƙungiya irin wannan yakan ɗauki rawar Bizkaia, ya biyo da ta Zuberoa, ya ƙara da ta Nafarroa, duk cikin sa'a ɗaya, a gaban mutanen da ke zaune a kujera suna fuskantar gefe guda. Rawar da ake yi a da'ira domin kowa ya ga kowa sai an buɗe ta ta fuskanci 'yan kallo. Wadda ke cin yini guda a ƙauye sai an datse ta zuwa minti huɗu. Taku mai sauƙi da tsoho zai iya yi yakan ba da wuri ga tsalle da harbin iska, domin shi ke jawo tafi. Mutumin Berriz na shekara ɗari da suka wuce bai taɓa ganin Maskarada ba, kuma da an ce masa rawarsa ce da ya musanta. Yaron Boise kuwa duk nasa ne. Wani zai kira wannan asara, kuma akwai asara a ciki. Amma kuma ta haka lardunan bakwai suka taru a jikin mutum ɗaya, abin da 'yan siyasa suka daɗe suna fata ba su samu ba.

Akwai misali guda da ya nuna cewa ƙungiya na iya tsere wa wannan tarko. Bayan Pat Bieter ya buɗe shirin karatun ɗaliban jami'ar Boise a Oñati a 1974, zumunci ya ƙullu tsakanin garuruwan biyu, wasu 'yan Boise suka koyo rawar Corpus Christi. Abin sha'awa shi ne ba su jefa ta cikin jerin wasan dandamali kawai ba. Suna yin ta ne a cikin coci, lokacin addu'ar bikin waliyyi Ignatius, wato an sauya mata rana da gari amma an bar ta cikin ibada, inda ta fito. A ra'ayina wannan ya fi kowane wasan baje koli daraja a ma'aunin adanawa, domin an kawo rawar tare da dalilin yin ta.

Batun mata ma ya cancanci a tsaya a kai. Rabon da aka saba gani, maza da takobi da tsalle, mata da kwando da baka mai furanni, yawancinsa aikin ƙungiyoyin ƙarni na ashirin ne. Bincike ya nuna mata sun ja rawar igiya da kansu a wasu garuruwa, kuma a Lekeitio har yau suna yin aurresku nasu. A 'yan shekarun nan mata sun shiga matsayin da aka hana su a Maskarada da wasu raye-rayen takobi, ba tare da an rasa masu gunaguni ba. A ƙungiyoyin ƙetare matsalar ta zo ta wata fuska: 'yan mata sun fi samari yawa a ajin rawa, don haka ƙungiyar da ta nace sai maza takwas na iya wayar gari ba ta da rawar. Masu cewa a bar abu yadda aka gada su fara tantance wane ne ya gadar, ƙauyen ko kuwa mai tsara wasa na 1930.

6.0 Inda Rawa ta Gaza

Harshe shi ne babban giɓi. Rawa ta yi nasara a Amurka ne saboda ba ta buƙatar nahawu. Yaro na iya ƙware a fandango cikin shekara guda, Euskara kuwa sai an yi shekaru ana fama, kuma sai da wanda za a yi magana da shi a gida. Mafi yawan jikokin makiyaya ba sa jin harshen in ban da gaisuwa da sunayen abinci da na raye-raye. Haɗarin a fili yake: mutum ya sa jar hula sau biyu a shekara ya ji ya sauke nauyi. Mutanen Boise sun gane haka, shi ya sa aka buɗe Boiseko Ikastola a 1998, makarantar ƙananan yara da ake koyarwa da Euskara. Gwamnatin yankin Bask ma, tun bayan dokarta ta 1994 kan hulɗa da 'yan ƙasa mazauna waje, tana tallafa wa gidajen ƙungiya da kuɗi da malamai. Ana samun matasan da rawa ta kai su ziyara, ziyara ta kai su ajin harshe. Amma waɗannan tsiraru ne, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa ƙungiyar rawa alhakin da gida da makaranta suka ajiye.

Giɓi na biyu shi ne rabuwar mai rawa da mai kallo. Duk ƙungiyar da ta ƙware sosai tana koya wa sauran jama'a, ba da niyya ba, cewa rawa aikin gwanaye ne. A can gida an farga da wannan, shi ya sa ƙungiyoyi irin su Aiko suka koma koyar da manya masu shekaru taku mai sauƙi domin dandali, aka kuma farfaɗo da raye-rayen da'ira na arewa, jauziak, waɗanda ake kiran sunan kowane taku da baki domin wanda bai iya ba ya bi. A Boise abin da ke rage wannan giɓi shi ne rawar titi da ake yi da dare a lokacin biki, inda tsofaffin 'yan ƙungiya, waɗanda yanzu sun kai ɗaruruwa, ke cika titin Grove da kayan gida. A wurina nan ne ake ganin sakamakon aikin shekara sittin, fiye da abin da ake gani a dandamali da rana.

Don haka duk hukumar da ke son tallafa wa ƙungiya irin wannan, ko mai binciken da ke son auna ta, kada ya tsaya ga yawan wasannin da ta yi ko ƙasashen da ta je. Ya tambayi yara nawa ke ajin farko, mutum nawa cikin masu koyarwa na yau suka fito daga wannan ajin, makaɗa nawa ake horarwa a bayan wanda ke kaɗawa yanzu, kuma raye-raye nawa ake yi a ranarsu da wurinsu. Kuɗin da za a kashe wa sababbin kaya da tikitin jirgi, a fara ba da rabinsa ga hayar zauren atisaye, da malamin txistu, da ajin harshe.